Idan wuta ta tashi, makullin yana hannun wa?



A watan jiya na raka ɗiyar yayata lakwal a wani gari cikin gundumar Buza. Shekararta shida, bana ta shiga ajin farko. Uwarta tana murna domin ajinsu na siminti ne, da rufin kwano da ƙyauren ƙarfe, kuma ni ma na taya ta murnar. Da na leƙa ciki sai na ga ajin yana da ƙofa biyu. Ta gaba a buɗe take. Ta baya kuwa an jingine mata karyayyun bencina, kuma da na zagaya ta waje sai na iske wani kwado mai tsatsa rataye a jikinta.

Na samu mai gadi a gindin bedi, na gaishe shi, na ce: "Baba, don Allah wannan ƙofa ta baya, makullinta yana wurin wa?"

Ya ce: "Ɗana, tun da na kama aiki nan ban taɓa ganin ta buɗe ba. Tambayi mushe."

Mushe ya ce makulli yana wurin dirakta. Dirakta ba ya nan, ya tafi taro. Muka kira shi a waya, ya amsa cikin mutunci, ya ce shi ma haka ya iske ƙofar, wataƙila makullin yana cikin kayan wanda ya gada, wanda aka canza wa wurin aiki tun shekaran jiya. Mutum uku na tambaya, na ɓata kusan awa guda, kafin na gano cewa makullin nan babu shi. Ba na zargin ko ɗaya daga cikinsu. Mutanen kirki ne, suna aiki cikin wahala. Amma tun ranar nan ina lissafin abu guda a raina: da wuta ce ta tashi a bakin ƙofar gaba, awa gudan nan da na ɓata ina neman makulli, wa zai ba yaran?

Mu ƴan Nijar bai kamata a ce sai an tuna mana ba. Ranar 13 ga Afrilu 2021, gobara ta tashi a wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, ta cinye azuzuwan zana 21, ta kashe yara aƙalla 20, yawancinsu ƴan ajin renon yara. Waɗanda suka ba da labarin abin sun ce wutar ta faro ne daga wajen ƙofar shiga, kuma makarantar ba ta da wata mafita, sai da yara suka riƙa haura katanga. Wanda ya yi ƙanƙanta da hawan katanga, nan ya tsaya. Ba a cika wata bakwai ba, ranar 8 ga Nuwamba 2021, aka sake yi a Maraɗi, a makarantar AFN. Yara aƙalla 25 suka rasu, ƴan shekara biyar zuwa shida, tsaran ɗiyar yayata. Aka yi zaman makoki na kwana uku a jahar, gwamnati ta hana yin ajin renon yara a cikin zana. A lokacin an faɗi cewa azuzuwan zana a faɗin ƙasar nan sun kai 36,000.

Darasin da muka ɗauka daga nan shi ne zana tana da haɗari, a gina na siminti. Gaskiya ne, kuma ina cikin masu wannan kira. Sai dai akwai rabin darasin da muka bari a ƙasa. Abin da ya haɗa Yamai da kowace gobara mai cin rayuka da yawa shi ne mutane sun rasa hanyar fita, waɗanda ke waje kuma sun rasa hanyar shiga. Ajin siminti mai taga da aka yi wa waldar ƙarfe, mai ƙofa guda da ke buɗewa ta ciki, mai ƙofa ta biyu da kwadonta ya yi tsatsa, shi ma tarko ne. Bangonsa ba ya ci da wuta, amma bencina suna ci, littattafai suna ci, silin yana ci, tufafin yara suna ci. Kuma a ɗaki rufaffe hayaƙi ne ke fara kayar da mutum tun harshen wuta bai iso gare shi ba. A zana ma dai ƙato yana iya tsaga bango da wuƙa ya jawo yaro. Bangon siminti fa?

Bari mu ɗan leƙa yadda wasu suka koyi wannan darasi, domin su ma da gawawwakin yara suka biya kuɗin karatun. Ranar 16 ga Yuni 1883, a garin Sunderland na ƙasar Ingila, an tara yara a wani zaure mai suna Victoria Hall don kallon wasa. Da aka ce za a raba kyaututtuka, sai yaran da ke bene suka rugo ƙasa. A gindin matakala akwai ƙofa mai buɗewa ta ciki, an sa mata sakata ta yadda ratar da ta rage ba ta wuce ta yaro guda ba. Na baya suka danne na gaba. Yara 183 suka mutu, kuma ko tartsatsin wuta babu a wurin. Ƙofa kaɗai ta yi wannan aiki. Daga nan aka fara tilasta cewa ƙofofin wuraren taro su riƙa buɗewa ta waje, kuma wani mai suna Robert Alexander Briggs ya ƙirƙiro sakatar da ke buɗewa da turawa, ya yi mata rajista a 1892. A Amurka sai da gidan wasan Iroquois na birnin Chicago ya ƙone ranar 30 ga Disamba 1903, mutum wajen 600 suka halaka, da yawansu a bayan ƙofofin da suka kasa buɗewa, sannan a 1908 aka fito da sandar turawa ta Von Duprin, wadda har yau ake sayarwa.

Wanda ya taɓa shiga babban otal ko filin jirgin sama na Yamai wataƙila ya ga irinta: sandar ƙarfe a kwance a tsakiyar ƙyaure, daidai ƙugu. Aikinta mai sauƙi ne. Ko da hannu ka tura ta, ko da kafaɗa, ko jama'a ce ta matse ka a jikinta, harshen makullin zai janye, ƙofa ta wangale ta waje. Ba ta buƙatar makulli, ba ta buƙatar haske, ba ta buƙatar wanda ya san kanta. An yi ta ne don mutumin da tsoro ya ɗauke wa hankali. A Turai akwai ƙa'ida mai lamba EN 1125 da ke kula da irin wannan sanda a wuraren taron jama'a, da wata mai lamba EN 179 don wuraren da ma'aikata suka san ginin.

To ta waje fa? Nan ne maganar da nake son mu tsaya a kai. Irin wannan ƙofa ana iya barin bayanta sumul, babu hannu babu ramin makulli, ta yadda babu mai shiga ta nan. Ana kuma iya ɗora mata wani ƙaramin ƙarfe a waje, mai hannun murɗawa da ramin makulli, wanda aka haɗa da sakatar ciki ta wani sanda da ya ratsa ƙyauren. Idan an kulle shi, hannun waje ba ya kama komai, ɓarawo ya murɗa har ya gaji. Idan an sa makulli, hannun ya kama, a buɗe daga waje. Sirrin abin shi ne makullin nan hannun waje kaɗai yake kullewa. Ko an kulle ko ba a kulle ba, wanda ke ciki turawa kawai zai yi ya fita. Kwadonmu kuwa ƙofar gaba ɗaya yake kamawa, ya hana ɓarawo shiga, ya hana mai ɗaki fita, duka da ƙulli ɗaya.

A ƙasashen da motar kashe gobara ke isowa cikin ƴan mintuna, wannan hannu na waje don ma'aikata ne da ƴan kwana-kwana. A Amurka har akwai ɗan akwatin ƙarfe da ake kafewa a bangon gini, a zuba makullan ginin a ciki, ƴan kwana-kwanan garin kaɗai ke da mabuɗinsa. Mu a nan Adar lissafin daban ne. Ka kira lamba 18 daga wani ƙauye a bayan duwatsun Keita ko cikin kwarin Majiya, ka duba hanya, ka duba nisa, ka gaya wa kanka gaskiya. Waɗanda za su fara isa wurin gobara a garuruwanmu su ne mai shayin bakin lakwal, da ɗan kabu-kabu, da ƴan ga-ruwa, da matan maƙwabta da bokitansu, da samarin fada. Su ne ƴan kwana-kwananmu. Idan sun iso suka tarar da ƙyauren ƙarfe a kulle, babu makulli, babu guduma, to zuwansu ya zama na kallo da kuka.

Kuma waɗanda ke cikin ɗakunan da nake magana a kai ba kowa ne zai iya ceton kansa ba. Yaro ɗan shekara biyar idan ya tsorata ƙarƙashin benci yake shiga. Majinyacin da aka ɗaura wa ƙarin ruwa ba ya gudu. Uwar da ke jinyar ɗa mai tamowa a ɗakin yara na likita ba za ta fita ta bar shi ba. Almajirin da ke barci cikin sanyin hunturu, an toshe kowace kafa an hura wuta a kasko, hayaƙi zai riga shi farkawa. Duk waɗannan, ransu yana hannun wanda zai buɗe musu daga waje.

Ga misalai, don kada a ce ina zana dodo a bango. A watan Maris na 2001, a Gindiri ta jahar Filato a Najeriya, wuta ta tashi da dare a ɗakin kwanan wata makarantar ƴan mata ta gwamnati. An kulle ƙofofi, tagogi da ƙarfe, wai don a tsare tarbiyyarsu. Ƴan mata aƙalla 23 suka rasu. A watan Mayu na 2023, a garin Mahdia na ƙasar Guyana da ke Kudancin Amurka, an kulle ɗakin kwanan ɗalibai mata da makulli kamar kullum, tagogi da ƙarfe. Da wuta ta tashi, matar da ke kula da su ta rikice ta kasa gano makullan. Sai da aka fasa bango aka jawo waɗanda aka iya jawowa. Yara 20 suka mutu. Ku lura, a can makullin yana nan, kuma yana hannun mutuniyar da ke ƙaunar yaran. Duhu da hayaƙi da firgita suka raba ta da shi. Sannan ga na kusa da mu: ranar 15 ga Mayu 2024, a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Gezawa ta jahar Kano, wani mutum ya rufe masallaci ta waje ana sallar asuba, ya zuba fetur ya cinna wuta. Sai da maƙwabta suka ɓalle ƙofa. Fiye da mutum ashirin suka rasa rayukansu. Wannan ya nuna mana ɗaya fuskar matsalar: ƙofar da kowa zai iya kullewa ta waje alhali akwai mutane a ciki, makami ce da muka ajiye wa mugu.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa mini a fada. Na farko: ɓarayi. Dirakta zai ce idan bai kulle ba za a kwashe bencina, a kwashe abincin yara, a cire har ƙyauren. Ma'aikacin likita zai ce akwai magani da firij da batiran sola. Mutanen kudancin Madawa, wajen Bangi da bakin iyaka, za su ce kai kana maganar wuta, mu muna maganar ƴan bindiga. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya raina shi bai san garin ba. Ban ce a bar ƙofa a buɗe ba. Cewa na yi a raba kulle gida biyu: a hana na waje shiga, a bar na ciki ya fita. Ƙofar da ke da sakata ta ciki, babu kwado a waje, ta fi wahalar da ɓarawo a kan mai kwado, tunda kwado a fili yake, kuma kowa ya san sanda guda ta ƙarfe ta ishe shi. Game da ƴan bindiga kuwa, idan Allah ya kiyaye suka shigo ta ƙofar gaba, ai ƙofar baya mai buɗewa ita ce gatan yaran.

Na biyu: kuɗi. An ce sandar turawa kayan Turai ce, makarantar da ba ta da alli ina za ta same ta? Shi ya sa na je wurin wani mai walda a Madawa, dattijo da ya daɗe yana ƙera ƙyamare da amalanke. Na zana masa abin a ƙasa. Ya duba, ya ce: "Yaro, wannan ai ba wani abu ba ne. Ba a taɓa tambayarmu ba ne kawai." Ga abin da muka tsara tare. A juya ƙyauren ya riƙa buɗewa ta waje. A yi masa sakata guda ta ciki, mai babban hannu, a tsayin da yaro zai kai, mai zamewa ba tare da ƙarfi ba. A tsaga ƴar siririyar kafa a jikin ƙyauren, a fitar da wani gajeren hannu na sakatar ta waje. Sai a rufe wannan hannu na waje da ɗan akwatin ƙarfe, a sa wa akwatin kwado. Kun ga ke nan kwadon akwati yake kullewa, ƙofar tana nan a sake ga na ciki. Makullin akwatin a yi shi uku ko huɗu: ɗaya wurin mai gadi, ɗaya wurin dirakta, ɗaya a gidan da ya fi kusa, ɗaya wurin mai unguwa ko limami. Ko kuma a yi wa akwatin fuskar gilashi, wanda ya zo ceto ya fasa da dutse ya ja. Kuɗin da ya faɗa mini bai kai abin da fadarmu ke kashewa a shayi da sukari a wata guda ba. Wannan ba ta kai sandar turawa ta ainihi ba, kuma a manyan wurare kamar likita da makarantun kwana ta ainihin ya kamata a saya. Amma tsakaninta da kwado mai tsatsa akwai ran yara.

Wani abokina da ya karanta lantarki ya kawo shawarar makullin maganaɗisu, irin wanda ke sakin ƙofa da kansa idan an yanke wuta. A inda lantarki ke tsaye dabara ce mai kyau. A nan kuwa, da yadda ake ɗauke mana wuta, ƙofar za ta riƙa buɗe kanta sau da yawa a yini, kuma ba za a yi sati ba wani zai kawo kwado ya rataya. Mu tsaya a kan ƙarfe da hannu, abin da mai waldar gari zai iya gyarawa.

Na uku: ƙaddara. "In kwana ya ƙare, ko ƙofa goma ce sai an tafi." Na yarda da ƙaddara kamar kowa. Amma mai wannan magana da kansa yana kulle shagonsa da dare, yana ɗaure akuyarsa, yana tona rijiya kafin ƙishirwa. Ba mu taɓa barin dukiya a hannun ƙaddara ba tare da mun yi namu ba. Me ya sa sai a kan ran yara muke tuna ta? Kakanninmu da iyayenmu a wannan yanki ba haka suka yi da iska da zaizayar ƙasa ba. Tun 1975 aka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya don tare iska. Daga 1984, a aikin raya karkara na Keita, mata suka ɗauki duwatsu a ka suka jera a kan tuddai har ƙasar da ta mutu ta farfaɗo. Mutanen da suka yi wannan ba za a ce juya ƙyaure ya gagare su ba.

Akwai wasu abubuwan da ko dala ba sa ci. Duk ɗakin da ake kullewa da kwado ta waje, aji ne ko masallaci ko gidan kallon ƙwallo, da zarar an buɗe don mutane su shiga, a maƙala kwadon a kunnen ƙofa a danne shi a kulle, mai makulli ya sa a aljihu. Ta haka babu wanda zai iya rufe mutane a ciki, ko da wasa ko da mugunta. A kwashe bencina da buhuna da babura daga bakin ƙofar baya, ciki da waje. A riƙa buɗe ta kowace safiya, domin ƙyauren ƙarfen da ya shekara a rufe ƙura da tsatsa sun riga sun kulle shi, kuma idan zafin wuta ya taɓa shi yana kumbura ya cije a cikin gidansa. A zuba wa maratayansa baƙin mai. A kowane ɗaki, aƙalla taga guda a yi wa ƙarfenta marataya da sakata ta ciki maimakon walda. A ajiye gatari da guduma da sandar ƙarfe a wurin da maƙwabta suka sani. A azuzuwan zana kuwa, tunda har yanzu muna da su kuma za a sake kafa su bayan girbi, a bar kafa biyu a ɓangarori daban-daban, a ba da rata mai faɗi tsakanin aji da aji, a nisanta su da masu tuya da wurin ƙona shara, a ajiye lauje da bokitan yashi kusa da mushe. Katangar makaranta ita ma a yi mata ƙofa ta biyu. Abin da aka rasa a Pays-Bas ke nan.

Sannan a gwada. Sau ɗaya a wata, a buga ƙararrawa, yara su fita a layi ta ƙofofin biyu, su taru a wuri guda, mushe ya ƙirga su. Ranar farko za a yi dariya da ture-ture. A karo na uku ƙafafunsu sun haddace hanya, kuma ranar tsoro ƙafa ce ke tunawa. A kira maƙwabta su ma su gwada buɗe akwatin, a ga minti nawa za su ɗauka.

Ga hukumomi kuwa, buƙatarmu ba ta da tsawo. Mun gaji tsarin makaranta da na ofis daga Faransa, har da yadda ake rubuta takardar neman izinin zuwa biki. To a dokarsu ta kare wuraren taron jama'a daga gobara, ta ranar 25 ga Yuni 1980, an rubuta cewa ɗakin da ke ɗaukar mutum 20 zuwa sama sai da mafita biyu, wanda ya haura mutum 50 kuma dole ƙofofinsa su buɗe ta inda ake fita. Ku shiga ajin farko a duk makarantar da kuka ga dama a Madawa ko Buza ko Keita ku ƙirga kawuna. Muna kira ga ma'aikatun magajin gari da masu duba makarantu da shugabannin likitoci da su sa wannan a cikin takardar kowace kwangila: ƙofa biyu, masu buɗewa ta waje, masu buɗuwa daga ciki ba da makulli ba, da hanyar da mai ceto zai buɗe daga waje. Kada a karɓi gini, kada a biya ɗan kwangila, sai an gwada ƙofofin a gaban iyayen yara. Ƙungiyoyin agaji da ke gina mana azuzuwa su ma wannan ya hau kansu, tunda a ƙasashensu ba za a bar su su buɗe irin ginin da suke miƙa mana ba. Makarantun kwana na ƴan mata da ake ta kira a yawaita, muna goyon bayansu, amma duk uban da zai kai ɗiyarsa yana da haƙƙin ya tambaya: da dare wa ke kullewa, ta ina, kuma in ita mai makullin ta suma, wa zai buɗe? A lokacin miƙa aiki tsakanin tsohon dirakta da sabo, a ƙirga makullai kamar yadda ake ƙirga bencina, a rubuta.

Kwamitin COGES da ƙungiyar iyayen yara da ta iyaye mata ba sai sun jira Yamai ko Tawa ba. Wannan yana cikin abin da za su iya yankewa a zama guda a gindin itace. Haka kwamitocin masallatai, da malaman makarantun allo, da masu gidajen kallo inda muke cunkusuwa mu ɗari a ɗaki mai ƙofa guda, janareta da jarkar fetur a bakin ƙofar.

Mu kuma matasa masu karanta wannan a waya, na san halinmu. Ranar da abu ya faru za mu sa baƙin hoto, mu rubuta "Allah ya jiƙansu", mu zagi gwamnati kwana uku, mu wuce. Mun yi a Afrilu 2021, mun sake yi a Nuwamba. Wannan karon ina roƙon abu guda tun ba a kai ga hoto ba. A cikin satin nan kowa ya zaɓi gini ɗaya da wani nasa ke shiga: lakwal ɗin ƙanwarka, makarantar allon unguwa, ɗakin haihuwa, masallacin Juma'a. Ka je da ladabi, ka gaida manya, ka ƙirga ƙofofi, ka duba ta ina suke buɗewa, sannan ka tambaya makullin yana hannun wa. Kada ka je da kyamara don tozarta kowa. Yawancin masu riƙe da wuraren nan ba su taɓa tunanin abin ba ne, kuma in an nuna musu za su karɓa. Abin da ka gani ka rubuto mana a ƙasa, ba tare da sunan mutum ba, mu ga inda fada za ta haɗa kuɗin walda.

Ni dai na koma garin nan na gundumar Buza ranar kasuwa, da mai walda a bayan babur. Dirakta ya ba da izini, iyaye biyu suka zo, mai gadi ya riƙe mana tsani. Kwadon bai ɗauki minti biyu ba ya faɗi. Ƙyauren ne ya ba mu wahala, sai da mutum uku suka sa kafaɗa kafin ya motsa, kuma bayansa muka iske gidan rina da ƙasa ta kai taƙi guda. Kafin la'asar an juya shi, an sa sakata, an kafa akwati. Na kira ɗiyar yayata na ce ta gwada. Ta sa hannu biyu ta ja, ƙofa ta buɗe, ta fita da gudu tana dariya, ta zagayo ta sake shiga don ta ƙara.

Aji ɗaya ke nan. A makarantar akwai sauran biyar.